Goge: Inda Ya Fito da Yadda Ya Iso Gare Mu

A wannan fitowa muna so mu waiwayi wani abin gado da muka tashi muna ji a Tsarnawa da Ƙonni da Illela da Malbaza, watau goge.

Dattawa sun san yadda ake haɗa shi. Rabin ƙwarya ne a rufe da fatar guza, a soke shi da sanda, a ɗaura masa tsirkiya guda ta izgar doki. Ɗan bakan da ake goga masa shi ma izga ce, ana shafa mata ƙaro don ta kama. Mai goge kuwa ba ya tafiya shi kaɗai, sai da masu ƙwarya a gefensa.

Masu bincike da yawa suna ganin asalinsa daga arewa ne, dangin rababar Larabawa, ya biyo ayarin fatake ya ƙetare Sahara. Shaidar da suke kafawa ita ce 'yan'uwansa da ke warwatse a kan hanyoyin fatauci. Buzaye suna da inzad, wanda mata ke kaɗawa, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2013. Zabarmawa suna da goje, Dagombawan Gana suna da gonje. Mu da ke zaune a mararrabar hanyar Tawa da ta Maraɗi, ba abin mamaki ba ne ya sauka a wurinmu.

To, yaya kiɗan ya wuce daga wannan hannu zuwa wancan, alhali ba a taɓa rubuta shi ba? Yaro yakan fara ne da bin maigida, yana ɗaukar kaya, yana kaɗa ƙwarya shekara da shekaru, har take ya zauna masa a kunne kafin a miƙa masa goge. Babbar ma'ajiyar waɗannan take kuwa bori ce. Kowane iska da nasa: na Sarkin Rafi dabam, na Ɗan Galadima dabam, na Inna dabam. 'Yan bori sun ce in makaɗi ya kuskure, iska ba ya sauka, saboda haka ba mai ikon sāke take yadda ya ga dama. Wannan tsanani shi ya tsare su. Wata Bafaranshiya, Nicole Echard, ta yi shekaru tana binciken borin Adar, ta fitar da littafi a kansa a 1989.

Wannan haɗi da bori shi ne kuma ya jawo wa goge baƙin jini. Tun jihadin Shehu Usmanu na 1804 malamai suke hani da shi. Daga baya ya shiga gidajen rawa na birane, inda irin su Garba Liyo suka yi suna a Nijeriya, faifai da kaset suka kawo mana kiɗansu har gida.

Yau masu goge sun tsufa, yaransu sun tafi ci-rani, sana'ar albasa ta fi kawo kuɗi. Duk tsohon da ya kwanta dama, takensa sun bi shi. Ba muna kiran kowa zuwa bori ba ne, kowa da addininsa da fahimtarsa. Amma cikin take akwai na manoma, da na biki, da kirarin zuriya, tarihin kakanninmu ne.

Saboda haka muna roƙon duk wanda ya zo gida da salla, ya nemi tsohon makaɗi na unguwarsu, ya yi masa alheri, ya ɗauki kiɗansa a waya, ya tambaye shi sunan kowane take da wanda ya koya masa. A kawo wa ƙungiya ta adana. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu dace, amin.