Shan Inna: Tarihin Ƙafar da ta Daina Jin Umarni

Hausawa sun raɗa wa cutar suna tun kafin wani likita ya ga ƙwayarta. Yaro zai yi kwana biyu ko uku yana zazzaɓi, ya tashi ƙafa ɗaya ta ƙi ɗaukarsa, bayan 'yan watanni kuma ta motse ta koma kamar sillen kara. Masu bori suka ce Inna ce ta sha ta. Sunan ya dace da abin da ido ke gani, domin kuwa tsokar ƙafar takan zube kamar an tsotse ta. Sai dai ba tsokar ce ƙwayar cutar ke lalatawa ba. Ɓarnarta tana can cikin laka, nesa da ƙafar da ta shanye. Ɗan Adam ya shafe ƙarnoni kafin ya gane haka, kuma wannan ganewar ce ke bayyana dalilin da ya sa har yau ake bin ƙauyukan Marnona, Wurno, Rabah da Goronyo gida-gida da ɗigon rigakafi.

Daga ruhi zuwa lantarki

A harshenmu kalmar jijiya ɗaya ce ke ɗauke da ma'anoni uku: hanyar jini, agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma farin zaren da ke kai saƙo daga laka. Magabata a sauran duniya ma sun daɗe suna cakuɗa su. Jalinus, likitan Girka da ya rayu a ƙarni na 2 miladiyya, ya nuna cewa idan aka yanke irin wannan farin zaren a jikin dabba, tsokar da yake shiga takan daina motsi. Amma ya ɗauka cewa wani ruhi ne ke gudana a cikinsa daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Wannan fahimta ta shiga likitancin Larabci, har cikin Alƙanun na Ibn Sina, wanda aka kammala a 1025.

Ƙasar Wurno ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837 kuma a can kabarinsa yake, ya yi rubuce-rubuce kan magani, ciki har da na basir da na ciwon ido. Da Hugh Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, ɗaya daga cikin abubuwan da ya nema daga Ingila shi ne a turo masa likita.

A lokacin, tunanin ruhi ya riga ya fara rushewa a Turai. A shekarun 1660 Jan Swammerdam na Holan ya nuna cewa girman tsokar kwaɗo ba ya ƙaruwa idan ta tsuke, wato babu wani abu da ke kwarara cikinta ya kumbura ta. A 1791 Luigi Galvani na Italiya ya wallafa gwaje-gwajensa na ƙafar kwaɗo da ke zabura idan lantarki ya taɓa jijiyarta. Saƙon da ke motsa jiki na lantarki ne.

Yadda umarni ke isa ƙafa

Jikin mutum yana da tsokoki fiye da 600 da ke motsa ƙasusuwa, kuma sun kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa. Babu ɗayansu da ke motsi bisa raɗin kanta. Niyya tana tasowa daga ƙwaƙwalwa, ta gangaro cikin laka, ta isa ga wasu ƙwayoyin jijiya da ke zaune a ɓangaren gaba na lakar. Kowace ƙwaya tana miƙa dogon zare zuwa tsoka, inda yake rassa ya riƙe zaruruwan tsoka masu yawa: 'yan ƙalilan a tsokar ido, ɗaruruwa ko fiye da dubu a sha-raɓa. Charles Sherrington na Ingila, wanda ya sami kyautar Nobel a 1932, ya bayyana cewa duk wani umarni, daga ko'ina ya fito, dole ya bi ta wannan ƙwaya. Ita ce ƙofa ta ƙarshe.

A inda zaren ya haɗu da tsoka, yakan fesa wani sinadari mai suna asetilkolin, kamar yadda Henry Dale da abokan aikinsa suka tabbatar a 1936. Sinadarin yana tayar da lantarki a jikin tsokar, lantarkin ya saki kalsiyam da ke ajiye a cikinta. Daga nan sai aikin ja ya fara. A cikin tsoka akwai siraran zaruruwa iri biyu a jere, aktin da mayosin. Kawunan mayosin suna kama aktin su ja, su saki, su sake kamawa gaba, kamar masu jan guga a rijiya hannu bayan hannu. Zaruruwan kansu ba sa gajarcewa; shigewa cikin juna suke yi. An bayyana wannan a 1954, cikin maƙalu biyu da suka fito tare a mujallar Nature, ɗaya ta Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, ɗaya ta Hugh Huxley da Jean Hanson.

Abin da 'yar guduma ke tambaya

A 1875 likitoci biyu na Jamus, Wilhelm Erb da Carl Westphal, kowa da nasa binciken, sun bayyana zaburar gwiwa. Idan aka bugi agarar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, tsokar cinya takan ɗan miƙe. Wasu ƙananan ma'aunai da ke cikinta su aika labari zuwa laka, lakar ta mayar da umarnin tsukewa ta wannan ƙofa ta ƙarshe, ƙafa ta yi harbi kafin ƙwaƙwalwa ta san abin da ake ciki.

Da wannan ɗan gwaji likita ke rarrabe cututtuka biyu da Hausa ta ba su fi'ili ɗaya. A shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini kan jawo, ɓarnar tana ƙwaƙwalwa, kewayen laka yana nan lafiya. Bayan ɗan lokaci gaɓar takan sanƙare, zaburar ma ta ƙaru. A shan inna kuwa ƙofar ƙarshen ce ta rushe. Ƙafar takan yi laɓo-laɓo, a buga gwiwa shiru, alhali idan aka mintsini yaron zai ji zafi, domin hanyar ji daban take.

Jakob Heine ya siffanta cutar a Jamus a 1840. A 1870 Jean-Martin Charcot da Alix Joffroy a Faransa sun nuna cewa ƙwayoyin gaban laka ne suka lalace, sannan a 1908 Karl Landsteiner da Erwin Popper a Ostiriya suka gano cewa ƙwayar bairas ce sanadi. Tana shiga ta baki, ta hayayyafa a hanji, ta fita a bahaya. Kusan mutum ɗaya cikin 200 da suka kamu ne ke samun shanyewar dindindin. Tsokar da ta rasa jijiyarta tana ramewa ne saboda babu mai kiranta aiki. Ƙwayoyin jijiyar da suka tsira sukan fitar da sababbin rassa su ɗauki renon zaruruwan da suka zama marayu, shi ya sa wasu yara ke samun sauƙi a watannin farko. Shi ya sa kuma wasu ke fuskantar sabon rauni bayan shekaru 15 zuwa 40, lokacin da masu renon suka gaji.

Siyasar ɗigo biyu

Ƙwayar jijiyar laka idan ta mutu ba ta dawowa, don haka rigakafi ne kaɗai makami. Na Jonas Salk ya fito a 1955, na Albert Sabin da ake ɗigawa a baki ya biyo baya a farkon shekarun 1960. A 1988, lokacin da duniya ta ƙuduri aniyar kawar da cutar, tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125.

A 2003 jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin, bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Zargin ya sami gindin zama ne domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. Cutar ta tsallaka iyakoki, ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20. A 2006 Nijeriya ta ƙirga yara 1,122 da suka shanye.

Daga Sakkwato aka sami ɗaya daga cikin mabuɗan matsalar. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gaban masu rigakafi. Adadin ya faɗo daga 798 a 2008 zuwa 21 a 2010. An ga na ƙarshe a Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Sauran aiki yana nan. Inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon kanta tana iya yawo daga hanji zuwa hanji har ta rikiɗe ta sake samun ƙarfin shanyewa. Irin wannan ce ta ci gaba da ɓulla a Arewa maso Yamma, ciki har da Sakkwato, inda 'yan bindiga suka sa shiga wasu ƙauyukan Rabah da Goronyo ya zama kasada ga ma'aikatan lafiya. Maganinta shi ne yawaita waɗanda aka yi wa rigakafi, kuma tun 2021 Nijeriya ke amfani da sabon ɗigon da aka ƙera don ya yi wuyar rikiɗa.

Ƙa'idar sa ido ta ginu ne kan abin da Erb da Charcot suka gano. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, wanda hannu ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai rahotonsa asibiti mafi kusa, a ɗauki samfurin bahayarsa sau biyu cikin kwana 14, a aika ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri. Yaro ɗaya da aka gani alama ce ta wasu da dama da ke ɗauke da ƙwayar a unguwa ba tare da sun sani ba. Shi kansa yaron, idan aka fara yi masa gashi da motsa gaɓɓai da wuri, ana iya hana gwiwarsa ƙagewa, ya tashi da sanda maimakon rarrafe.