Daga Dala zuwa Challawa: hanyar da baƙo zai bi ya fahimci Kano

A watan Fabrairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne sana'a: saƙa, rini da jima, da yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Mai ziyara a yau zai fi amfana idan ya bi wannan sawu.

A fara da hawan Dala da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Daga kan dutsen ana hango ragowar ganuwar da aka soma ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, wadda gine-gine ke cinyewa a hankali. A gangaro Kasuwar Kurmi da Gidan Makama, duka gadon Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), sannan marinar Ƙofar Mata, inda har yanzu ake tsoma zane a ruwan baba.

Yawancin masu rakiyar baƙi nan suke tsayawa, kuma a ganina sun rage labarin. Jimar da Barth ya gani ta koma Challawa da Sharaɗa, inda injuna ke sarrafa fatun awaki don kasuwannin Turai. A can baƙo zai ga masana'antun da ke aiki, da waɗanda rashin wutar lantarki ya rufe, da kuma ruwan jima mai wari da ke gangarawa kogin Challawa, kusa da gonakin masu noman rani.