'Yancin goge bayani a intanet: asalinsa da iyakarsa

'Yancin goge bayani dama ce da doka ke bai wa mutum ta neman kamfani ko hukuma su share abin da ya shafe shi, har da rubutu ko hoton da shi kansa ya taɓa wallafawa. A Turai ana kiransa 'yancin a manta da mutum.

Asalinsa shari'ar wani ɗan Sifaniya ce, Mario Costeja González. A 1998 jaridar La Vanguardia ta buga sanarwar gwanjon kadararsa saboda bashi. Shekaru bayan an warware batun, duk wanda ya nemi sunansa a Google sai sanarwar ta fito. A ranar 13 ga Mayu, 2014, Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa yana da ikon sa Google ya daina nuna ta. Amma ba a goge ta daga taskar jaridar ba.

Daga nan 'yancin ya shiga sashe na 17 na dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta tanadi wannan dama, kuma Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa ce ke karɓar ƙorafi.

Sai dai 'yancin yana da iyaka. Dokar Turai ba ta amince da gogewa ba idan bayanin ya zama dole ga 'yancin faɗin albarkacin baki, ko ga shari'a, ko ga adana tarihi. Hukuncin 2014 ya kuma nuna cewa hujjar mai riƙe da muƙami ba ta kai ta talaka ƙarfi ba, domin jama'a na da haƙƙin sanin abin da ya aikata. A Amurka, hukumar adana takardun gwamnati ta shawarci fadar White House a 2017 da ta ajiye saƙonnin Donald Trump na Twitter, har waɗanda ya goge.

Akwai kuma abin da doka ba ta iya riskarsa. Mai shafi na iya cire rubutunsa, amma ba zai iya ƙwato hoton da wani ya riga ya ɗauka da wayarsa ya tura WhatsApp ba. Taskar Internet Archive kuma tana adana kwafin shafuka tun 1996. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. A intanet ma haka take.