Babi na Biyu: Tarihin Ruwan Bafa a Aikin Tankaɗen Lantarki

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin ruwan da ake tsoma jel a cikinsa yayin tankaɗen lantarki, wato dabarar nan ta rarrabe furotin ko DNA ta hanyar tura su da wutar lantarki cikin jel mai ƙananan kafofi, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. Galibin littattafai kan ba da tarihin dabarar ne ta fuskar jel ɗin, a bar ruwan tamkar ɗan rakiya. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa ruwan shi ne ke yanke abin da za a gani a ƙarshen gwaji, kuma wasu daga cikin gaurayen da aka fi amincewa da su gadon su aka yi, ba zaɓen su aka yi ba.

2.1 Dalilin Buƙatar Bafa

Idan aka ratsa ruwa da wutar lantarki, ruwan kan tsage: gefe ɗaya ya yi tsami, ɗaya gefen ya koma irin na kanwa. Shi kuwa furotin, cajin da yake ɗauke da shi ya dogara ne ga tsamin ruwan da yake ciki. In tsamin ya sauya, gudunsa ya sauya, har ma yana iya juya baya. Bafa shi ne gaurayen asid mai rauni da gishirinsa, wanda ke shanye wannan sauyi, kuma shi ne ke ɗaukar wutar daga wannan gefe zuwa wancan. Ma'aunin tsamin, wato pH, Sørensen ne ya fito da shi a 1909 a ɗakin binciken Carlsberg da ke Danmak.

A 1937 Arne Tiselius na Jami'ar Uppsala a Suwidin ya bayyana na'urarsa mai bututu siffar harafin U. Babu jel a cikinta, ruwan bafa ne zalla. Da irin wannan na'ura Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu suka nuna a 1949 cewa himogulobin na mai amosanin jini, wato sikila, ya bambanta da na lafiyayye. A bafan fosfet mai pH 6.9 nau'o'in biyu suka nufi ɓangarori mabambanta, domin wannan tsami ya faɗo ne tsakanin inda cajin kowannensu ke ƙarewa. Wato ke nan zaɓen ruwan ne ya fito da bambancin fili.

2.2 Shigowar Tris da Bafa Mai Hawa Biyu

George Gomori ne ya gabatar da sinadarin Tris a matsayin bafa a 1946. Ya fi riƙe tsami a wajen pH 8.1, inda yawancin furotin na jini ke da caji iri ɗaya su nufi gefe guda. Sai dai yana da aibi: duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, pH ɗinsa kan sauka da kusan 0.03. A ɗakin binciken da babu na'urar sanyaya ɗaki, bambancin sanyin hunturu da zafin bazara ya isa ya karkatar da shi.

Oliver Smithies ya fara amfani da jel na sitaci a Toronto a 1955, da bafan boret. Bayan shekara biyu Poulik ya lura cewa idan ruwan cikin jel ya bambanta da na tankin, layukan furotin sun fi fitowa siriri. Waɗanda suka fayyace dalilin su ne Leonard Ornstein da Baruch Davis a 1964, a asibitin Mount Sinai na Niyok, bisa lissafin da Kohlrausch ya yi tun 1897. Sun jera jel biyu, na sama mai ƙarancin pH, na ƙasa mai yawansa, suka sa kulorayid a cikin jel, gilisin a cikin tanki. A jel na sama kulorayid kan yi gaba da sauri, gilisin kuwa da ƙyar yake motsi saboda kusan ba shi da caji a wannan tsami. Sai furotin ya matse tsakanin mai gaba da mai baya har ya zama layi ɗaya kamar zare. Da an shiga jel na ƙasa gilisin ya sami caji ya wuce, a bar furotin ya watse gwargwadon girmansa da cajinsa.

Wannan tsari ne Ulrich Laemmli ya haɗa da sabulun SDS a 1970 a Kambirij ta Ingila, da pH 6.8 a sama, 8.8 a ƙasa, 8.3 a tanki. Abin mamaki, maƙalarsa a mujallar Nature a kan ginin kan ƙwayar cutar T4 take, bayanin bafan kuwa a ƙarƙashin wani hoto aka cusa shi. Duk da haka ta zama ɗaya daga cikin maƙalun kimiyya da aka fi ambato a duniya.

2.3 TAE da TBE

Masu nazarin RNA sun ari kayan aikin masu furotin. A 1967 Loening ya yi amfani da Tris da asitet da EDTA, Peacock da Dingman kuma suka yi amfani da Tris da boret da EDTA. Da aka fara yanka DNA da inzayim ana tankaɗe shi a jel na agaros a farkon shekarun 1970, sai aka ɗauko waɗannan gauraye biyu kusan yadda suke. TAE ya tsaya a kan milimola 40 na Tris da 1 na EDTA, TBE kuwa 89 na Tris da 89 na asid ɗin borik da 2 na EDTA. Aikin EDTA shi ne kama maganiziyam don kada inzayim masu cin DNA su yi aiki. TAE kan gaji da wuri a doguwar tafiya, amma ya fi dacewa idan za a ciro DNA daga jel a ci gaba da aiki da shi. TBE ya fi juriya, ya kuma fi fito da ƙananan gutsattsari, sai dai boret kan hana wasu inzayim aiki.

A ra'ayin mai wannan nazari, nan ne al'ada ta rinjayi bincike. DNA ba kamar furotin ba ne: cajinsa bai cika damuwa da ƙaramin sauyin pH ba, saboda haka ba ya buƙatar bafa mai nauyi haka. Amma sai da aka shafe kusan shekara 30 kafin Jonathan Brody da Scott Kern na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka su nuna a 2004 cewa waɗannan gauraye ne ke jawo zafin da ke narka jel: wuta ta ɗumama ruwa, ruwa mai ɗumi ya ƙara ɗaukar wuta, zafi ya ƙaru. Suka kawo sodiyam boret mai sauƙi wanda ke jure ƙarfin wuta ninki da dama, aikin sa'a guda ya koma na mintoci. Duk da haka TAE da TBE ba su kau ba, ko bayan da hukumar kula da sinadarai ta Tarayyar Turai ta sa asid ɗin borik cikin jerin abubuwa masu haɗari ga haihuwa a 2010.

2.4 Gwajin Sikila

Inda wannan tarihi ya fi shafar al'ummarmu shi ne gwajin jinin da ake yi kafin aure. Hanyar da aka saba a asibitoci ita ce takardar selulos asitet, wadda Kohn ya gabatar a 1957, da bafan Tris da EDTA da boret mai pH tsakanin 8.4 da 8.6. A wannan tsami himogulobin A kan yi gaba, S ya biyo baya, C ya zo ƙarshe. Matsalar ita ce nau'in D da na G kan tsaya daidai inda S ke tsayawa, E da A2 kuma su haɗu da C. Ba a raba su sai an sake gwajin a jel na aga da bafan sitiret mai pH wajen 6.2. Idan kuma bafan ya tsufa ko an yi ta maimaita shi, layukan kan kusanci juna, mai karantawa ya rubuta AA a inda ya kamata ya rubuta AS, kuma a kan wannan takarda iyalai biyu za su tsayar da ranar ɗaurin aure.