Daga Tiga zuwa Gashuwa: Yadda kogin Haɗeja ya rasa lokacinsa

Idan ana maganar rabon ruwan kogi, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne yawansa, wato wa ya samu da yawa, wa kuma aka tauye. Tarihin kogin Haɗeja a shekaru hamsin da suka wuce ya nuna cewa lokacin da ruwa ke zuwa da lokacin da yake janyewa suna da nauyi daidai da yawansa. Mutanen da ke zaune daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa sun ga hakan a gonakinsu da komarsu tun kafin masana su rubuta shi a takarda.

Bari mu fara da bin hanyar ruwan. Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan sunan ya koma kogin Haɗeja. Shi kuwa kogin Jama'are daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa ƙasar Bauchi ta wajen Katagum. Da suka gangaro shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi a gabashin Jigawa da yammacin Yobe, sai su rarrabu zuwa ƙananan rassa da tafkuna da fadamu. Wannan wuri shi ake kira dausayin Haɗeja da Nguru. A kusa da Gashuwa ruwan ke sake haɗuwa ya zama Komadugu Yobe, ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da jihar Diffa ta Nijar, sannan ya faɗa tafkin Chadi.

Kafin a gina madatsun ruwa, shekara a dausayin nan tana da tsari sananne. Ruwa kan fara cika fadamu a tsakiyar damina, ya kai ƙarshen cikarsa wajen watan Agusta zuwa Satumba. Manomi ya riga ya shuka shinkafarsa da ruwan sama, ambaliya ta zo ta raine ta. Kifi kan bi ruwan ya bazu cikin ciyayi ya hayayyafa. Da ruwa ya fara janyewa bayan kaka, masunta su tare shi a mashigai, manoma kuma su bi laimar da ya bari su shuka wake da kabewa da sauran kayan rani. Masu lambu a bakin kogi suna ɗiba da jigo. Can cikin rani, bayan an kwashe amfani, Fulani su gangaro da shanu su ci ciyawar fadama da karan gona, su bar taki. Fili ɗaya ne, amma mutum uku ko huɗu ke cin abinci a kansa, kowa da watanninsa. Ruwan da ya kwanta kuma yana tsatsafowa cikin ƙasa, shi ke riƙe rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi.

Ba mu ce babu saɓani a wancan zamani ba. Akwai rigimar gona da ta burtali da ta wurin su, kuma sarakunan ruwa da bulamai da lawanai sun sha zaman sulhu. Amma shi kansa kogin yana taimaka musu, domin zuwansa da tafiyarsa ne ke raba wa kowa lokacinsa.

A farkon shekarun 1970 fari mai tsanani ya afka wa yankin Sahel, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi wuya. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya fara shigowa gwamnati. Gwamnan jihar Kano na wancan lokaci, Audu Bako, ya duƙufa wajen gina madatsun ruwa, kuma mafi girmansu ita ce ta Tiga a kan kogin Kano, wadda aka kammala a 1974, mai ɗaukar ruwa sama da kubik mita biliyan ɗaya. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasar, ciki har da ta Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano. A 1992 aka kammala madatsar Challawa a wajen Ƙaraye, aka kuma yi shingen karkatar da ruwa kusa da Haɗeja domin noman rani a yankin Auyo. Tiga da Challawa su biyu suna riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja.

Duk mai adalci zai yarda cewa an ci moriyar wannan aiki. Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam sun zama cibiyar shinkafa da tumatir da alkama, dubban iyalai suna noma sau biyu a shekara, matasa da yawa sun daina tafiya cin rani. Birnin Kano mai miliyoyin mutane yana shan ruwan da ake tacewa a Tamburawa da Challawa, wanda madatsun nan ke tabbatar da shi har cikin bazara. Wanda ya ga yunwar 1973 ba zai zargi masu tunanin adana ruwa ba.

Sai dai lissafin da aka yi ya tsaya ne a kan abin da za a samu a sama, ba a auna abin da za a rasa a ƙasa ba. A ƙarshen shekarun 1960 ambaliya kan rufe fili sama da murabba'in kilomita 2,000 a dausayin. A 1993 abin da ta rufe bai kai 500 ba. Ƙarancin ruwan sama na da nasa kason a wannan raguwa, amma madatsun sun ɗauki babban kaso. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka kwatanta amfanin ruwan a wurare biyu. Suka haɗa shinkafa da kifi da itacen wuta da ake samu a dausayi, suka gano cewa kowace ma'aunin ruwa tana haifar da arziki a can ninkin-ba-ninkin abin da take haifarwa a aikin noman rani na Kano. Kuma ba su ma saka kiwo da ruwan rijiyoyi a lissafin ba. Dalilin da ya sa ba a ga wannan arziki tun farko ba shi ne, yana warwatse a hannun ƙananan manoma da masunta, ba ya shiga littafin kowace ma'aikata.

Abu na biyu da ya faru ya fi ba da mamaki. Domin a shayar da Kano da gonakin rani, sai aka riƙa sakin ruwa daga madatsun duk tsawon shekara. Rassan kogin da a da suke bushewa ƙaf da rani suka daina bushewa. Ciyawar kacala, wadda rani da wuta da kofaton shanu ke hana ta yaɗuwa, ta samu ruwa marar zurfi da ba ya yankewa, ta mamaye hanyoyin ruwa. Ta rage gudun ruwa, yashi da laka suka taru, wasu rassan suka toshe. Ruwan da ya kamata ya bi tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana zuwa Gashuwa sai ya karkata ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru. Sakamakon haka, wasu ƙauyuka gonakinsu suka nutse shekara da shekaru, wasu kuma a gefe guda suna kallon busasshen kwari. Kacalar ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero, ta hana kwalekwale wucewa, ta hana jefa koma. Da filin noma da na kiwo suka ƙuntata, manomi da makiyayi da a da suke bin juna a kan fili ɗaya suka koma neman sa a wata ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza, yawancin rigingimun fadama a yankin suna da alaƙa da wannan sauyi.

Wannan ne ya sa batun madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi ya daɗe yana ta da jijiyar wuya. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake maganarta, an fara an tsaya, an sake tayar da ita ba sau ɗaya ba. Mutanen Bauchi suna ganin haƙƙinsu ne su samu irin abin da Kano ta samu, kuma suna da hujja. Mutanen Yobe da Borno kuwa sun san cewa Jama'are ne kogin da ya rage ba a datse ba, kuma shi ke kawo mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa yanzu. A ƙarshen hanyar akwai manoman tattasai na Diffa, waɗanda ba su da kujera a majalisar kowace jiha ta Najeriya, amma abincinsu na rataye da abin da aka yanke a can.

An yi ƙoƙarin gyara. A 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, saboda mutanensa da kuma tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a wurare irin su Dagona. A 2000 aka saka tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka yi taro a Damaturu tare da gwamnatin tarayya, suka amince da tsarin kula da ruwan bai ɗaya da asusun da zai ɗauki nauyinsa. Ƙauyuka da dama sun yi aikin gayya suna sare kacala da yashe hanyoyin ruwa, daga baya kuma aka kawo injinan yanke ta. Amma ambaliyar da ta ci gidaje da gonaki a Jigawa a 2010 da 2022 ta nuna cewa hanyoyin ruwan ba su koma daidai ba.

Abin da masana ruwa suka daɗe suna ba da shawara bai ƙunshi rushe madatsa ko hana Kano sha ba. Shawarar ita ce a sarrafa madatsun yadda za su kwaikwayi tsohon tsarin kogin: a saki isasshen ruwa a lokacin da fadamu ke jiransa cikin damina, a kuma rage sakin na rani zuwa iya abin da ake buƙata, domin rassan ƙasa su samu bushewar da ke kashe kacala. Yin haka na buƙatar gyara magudanan gonakin rani da ke zubar da ruwa a banza, da ma'aunan ruwa masu aiki a Wudil da Haɗeja da Gashuwa. Yana kuma buƙatar a bayyana alƙaluman ga kowa. A yau da kusan kowane ƙauye ke da waya, babu abin da zai hana manomin Guri ko masuncin Nguru ya san ranar da za a buɗe ƙofar Tiga da yawan abin da za a saki, ya shirya kafin ruwan ya iso.

Mu da ke buɗe famfo a Kano ko muke sayen tumatirin Kadawa muna cikin wannan lissafi, ko mun sani ko ba mu sani ba. Ruwan da ya zo mana a watan Maris an riƙe shi ne daga wata fadama a watan Agusta. Idan za a sake zaman rabon ruwan nan, ko a sake ɗaga maganar Kafin Zaki, ya kamata sarkin ruwan Bade da arɗon Fulani da manomin shinkafar Haɗeja su zauna tare da injiniyoyi tun kafin a zana taswira, kuma tambayar farko da za a yi musu ita ce a wane wata suke buƙatar ruwan, a wane wata kuma suke buƙatar ya tafi.