Manhajojin Aiki Daga Nesa: Yadda Sabon Ma'aikaci Zai Fara

Manhajojin aiki tare su ne waɗanda ke haɗa ma'aikatan ofis ɗaya ta intanet, ko da kowa yana garinsa. A cikinsu ake aika saƙo, a yi taro ta bidiyo, a ajiye takardu, a kuma raba ayyuka. Amfani da su ya bunƙasa bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris, 2020, lokacin da aka rufe ofisoshi a ƙasashe da dama.

Fitattunsu

Slack ta fito a 2013, kuma kamfanin Salesforce ya saye ta a 2021. Ta shahara da zauruka, inda kowane sashe ko aiki yake da nasa. Microsoft Teams ta zo a 2017, tana tafiya tare da Word da Excel. Zoom da Google Meet sun fi ƙarfi wajen taro. A tsarinsu na kyauta, taron Zoom yana yankewa bayan minti 40, na Meet kuma bayan awa ɗaya idan mahalarta sun kai uku.

Matakan farawa

Ma'aikata ce ke zaɓen manhaja, sannan ta tura gayyata zuwa imel ɗin ma'aikaci. Da zarar ya shiga, sai ya sa kalmar sirri mai ƙarfi, ya kunna tantancewa mai mataki biyu, wato lambar da ake nema daga wayarsa bayan kalmar sirrin. Daga nan sai ya rubuta cikakken sunansa da muƙaminsa, ya shiga zaurukan da suka shafe shi, ya tsara lokutan da sanarwa za ta riƙa shigowa.

A wurin taro, ladabi shi ne a kashe makirufo sai za a yi magana. Inda sabis yake da rauni, kashe kyamara yana rage cin data, murya kuma ta fita sarai. Takarda kuwa, gara a gyara ta a ma'ajiyar da kowa ke gani, domin yawan kwafi ne ke sa a sa hannu kan tsohon lissafi.

Abin kiyayewa

Asusun aiki mallakar ma'aikata ne, kuma masu kula da shi suna iya samun damar ganin saƙonni gwargwadon dokar wurin. Saboda haka hirar gida ba nan ne muhallinta ba. Haka nan kwashe takardun ofis ko bayanan abokan ciniki zuwa wayar kai yana iya jawo tonon asirin ma'aikata, ya kuma jefa ma'aikaci cikin tuhuma.