Unguwar Tukunya Ɗaya: Daga Denmak Zuwa Kalifoniya

A shekarar 1967 wata marubuciya, Bodil Graae, ta buga maƙala a jaridar Politiken ta ƙasar Denmak, inda ta ce kamata ya yi kowane yaro ya tashi a hannun iyaye ɗari. Ɗa na kowa ne, to amma a biranen Turai na lokacin kowa ya kulle ƙofarsa, uwa da uba suna wurin aiki, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Shekara guda bayan haka mai zanen gine-gine Jan Gudmand-Høyer, wanda tun 1964 yake fafutukar kafa unguwar da iyalai za su yi zaman haɗin kai bai yi nasara ba, ya fitar da tasa maƙalar. Jama'a suka yi ta tururuwa domin shiga wannan yunƙuri.

A 1972 iyalai 27 suka tare a Sættedammen, kusa da garin Hillerød. Kowane iyali da gidansa da madafarsa, sai dai motoci a bakin unguwa ake ajiye su domin yara su wataya. Akwai kuma babban zauren jama'a inda ake cin abincin dare tare. Girki bi da bi ne: wanda ya ɗora tukunya yau, gobe zama zai yi a zuba masa.

Tun farko an ga inda gizo ke saƙa. Sai mai halin sayen gida ne ke iya shiga. Amsar ta zo a 1978, lokacin da aka buɗe Tinggården a Herfølge, gidaje 79 na haya zalla, an kasa su rukuni shida, kowane rukuni da zaurensa. Nan aka gane cewa ɗan haya ma yana riƙe amanar unguwa, muddin a cikinta yake kwana yake tashi.

Wasu Amurkawa biyu masu zanen gine-gine, Kathryn McCamant da Charles Durrett, sun zagaya waɗannan unguwanni, suka wallafa littafi a 1988. A 1991 aka kammala Muir Commons mai gidaje 26 a garin Davis na jihar Kalifoniya. A garin dai, mazauna titin N Street tuni suka fara cire shingen da ke tsakanin gidajensu, kuma da yawansu ’yan haya ne.

Abin da ya fi wuyar sha'ani shi ne mai gida biyu, wanda ke zuwa hutu ya koma, ko ya bayar da gidan haya na ’yan kwanaki. Kuɗin gyara yana biya, amma ranar girkinsa ba ya nan, ranar taro kujerarsa wayam, baƙin da ya sauke kuwa ba su san dokar wurin ba. A Denmak, ƙungiyoyin gidajen haɗin gwiwa galibi suna wajabta wa mamba zama a gidansa, gidajen hutun bazara kuma yankinsu daban. A Amurka kowace unguwa ita ke tsara wa kanta ƙa'ida, wasu kan ƙayyade yawan gidajen da za a bayar haya. Ɗakunan baƙi da ake ginawa a zauren jama'a ma suna rage matsalar, tunda baƙo yakan sauka ne da sanin kowa.

Fiye da shekara hamsin ke nan ana wannan zama, kuma abin da ke riƙe shi ba takardar mallaka ba ce. Idan masu zuwa girki da taro suka yi ƙaranci, nauyin kan koma wuyan ’yan tsirarun da suka rage, har su ma su gaji su janye.